HAƘƘIN ZUCIYA MAI RAUNI: RAGE ƊAWAINIYA DOMIN SAMUN WARAKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kuma san iyakar ƙarfinsa da rauninsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako zai yi bayani ne a kan wani haƙƙi wanda jama'a suka cika mantawa da shi, watau haƙƙin da zuciya take da shi na a rage mata ɗawainiya idan wata masifa ta auka mata, ko rasuwa ce, ko mutuwar aure, ko karayar arziki, ko doguwar jinya, har ta samu ta warware ta komo cikin hayyacinta.

Abin da ake gani a gidajen makoki

Duk wanda ya saba zuwa ta'aziyya ya san yadda al'amarin yake gudana. Ana dawowa daga maƙabarta sai a ga matar mamacin, wadda ta kwashe watanni tana jinya ba barcin kirki, ita ce kuma ake tambaya inda buhun shinkafa yake, da wanda zai sayo itace, da ɗakin da za a sauke baƙi. Babban ɗan yana can ƙofar gida yana cinikin hayar rumfa da kujeru da tabarmi, in kuɗin hannunsa ba su kai ba ya ci bashi, don kada a ce ya kasa. Haka za a yi ta fama har uku, a wuce zuwa bakwai, a soma shirin arba'in. Da jama'a sun watse, ɗan ya koma kasuwa yana neman abin biyan bashi, uwar ta koma ɗawainiyar marayu, ba wanda a cikinsu ya samu yini guda ya zauna ya fahimci abin da ya same shi.

Bayan wata uku ko huɗu sai a ji an kai uwar asibiti jininta ya hau, ɗan kuwa ya zama mai saurin fushi, ba ya barci, ba ya jin daɗin abinci. Sa'an nan mutane su soma faɗin albarkacin bakinsu. Wannan ya ce rashin haƙuri ne, wancan ya ce ƙarancin tawakkali ne, wani ma ya ce sammu aka yi musu. Alhali kuwa abin da ya faru shi ne, an ɗora wa mai rauni kaya fiye da na mai lafiya.

Kowa ya san cewa idan ƙafa ta karye, maɗori yakan ɗaure ta ya hana a taka ta sai bayan wasu makonni, kuma ba wanda yake kiran mai karaya rago don ya kwanta. To, ita ma zuciya tana jin rauni, kuma rauninta yana bukatar irin wannan sarari. Bambancin kawai shi ne ba a ganin nata ɗaurin da ido.

Baƙin ciki ba raunin imani ba ne

Tilas ne a fara da gyara fahimtar ma'anar haƙuri. Malamai sun bayyana haƙuri da cewa shi ne mutum ya tsare zuciyarsa daga fushi da hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga munanan maganganu, ya tsare gaɓoɓinsa daga irin su marin fuska da yaga tufafi. A cikin wannan bayani babu inda aka ce sai mutum ya ɓoye hawayensa, ko ya ci gaba da dukan hidimomin da ya saba kamar ba abin da ya faru.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Yusufa, aya ta 84 zuwa ta 86, ya ba da labarin Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya juya wa 'ya'yansa baya ya keɓe da baƙin cikinsa, har idanunsa suka yi fari saboda kuka. Da suka zarge shi a kan yawan ambaton Yusufu, sai ya sanar da su cewa Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Wannan Annabi ne, ɗan Annabi, jikan Annabi, kuma shi ne wanda aka san shi da kyakkyawan haƙuri.

Shi ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa baffansa Abu Ɗalib da matarsa Nana Hadiza a cikin shekara guda, shekara uku kafin Hijira, watau wajen shekarar 619 ta Miladiyya, har malaman tarihi suka sa mata suna shekarar baƙin ciki. A shekara ta 10 bayan Hijira kuma ɗansa Ibrahim ya rasu bai kai shekara biyu ba. Buhari ya ruwaito cewa idanun Annabi sun zubar da hawaye a lokacin, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Annabi ya nuna masa cewa wannan jinƙai ne, kuma hawaye da ɓacin zuciya ba laifi ba ne muddin harshe bai furta abin da zai fusata Ubangiji ba.

Buhari da Muslim sun kuma ruwaito daga Abu Sa'id da Abu Huraira cewa gajiya, da ciwo, da damuwa, da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki mumini, duk Allah Yana kankare masa zunubi da su. An jera damuwa da baƙin ciki tare da ciwon jiki a wuri guda. Saboda haka mai fama da su majinyaci ne, kuma majinyaci rangwame ake yi masa.

Yadda Shari'a ta sauke wa masu baƙin ciki kaya

A shekara ta 8 bayan Hijira, daidai da 629, aka yi yaƙin Mu'uta, inda kwamandoji uku suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya: Zaidu ɗan Harisa, da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha. Da labari ya iso Madina, Annabi ya umarci a yi wa iyalan Ja'afaru abinci, ya kuma faɗi dalili, cewa abin da zai shagaltar da su ya same su. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah duk sun kawo wannan hadisi. Mai karatu ya lura da inda tukunya ta nufa: daga gidajen maƙwabta da 'yan'uwa take fita, ta shiga gidan makoki. An kuma ruwaito cewa Annabi ya bar iyalin har kwana uku bai je musu ba, sa'an nan ya zo ya lallashe su, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski. Ya ba su lokacinsu, bayan haka kuma ya kama hannunsu ya mayar da su cikin rayuwa a hankali.

Jariru ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari cewa sahabbai sun kasance suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa wa jama'a abinci bayan binnewa a cikin kukan mutuwa irin wanda aka hana. Ahmad da Ibnu Majah suka ruwaito shi. Babu shakka sadaka ga mamaci aba ce mai kyau, kuma ladanta yana isa gare shi. Amma ba inda Shari'a ta wajabta wa iyalinsa cin bashi don ciyar da masu gaisuwa. Idan kuwa daga dukiyar gado aka ɗebi kuɗin, alhali akwai marayu a cikin magada, to, an shiga babban haɗari, domin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu.

Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana da wata al'ada wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage sai 'yan gida da makusanta, takan sa a dama talbina, watau wani kunu mai ruwa-ruwa da ake yi da garin sha'ir, wani lokaci a sa masa zuma. Takan ce su sha, domin ta ji Annabi yana bayyana cewa wannan kunu yana hutar da zuciyar majinyaci, yana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Akwai darussa biyu a nan. Na farko, sai da taro ya ragu aka samu natsuwa. Na biyu, an nemi sauƙin zuciya ta hanyar kula da ciki, da abinci mai sauƙin narkewa, domin mai baƙin ciki ya fi kowa mantawa da cin abinci.

Haka nan Shari'a ta yanka wa makoki lokaci. Kwana uku ne ga kowane mamaci, sai matar da mijinta ya rasu, ita ce take takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta hukunta, mai ciki kuwa sai ta haihu. Malamai sun ambaci hikimomin wannan hukunci, kamar tabbatar da ko akwai ciki, da girmama igiyar aure. Daga cikin rahamar da ke tattare da shi kuma akwai cewa a wannan lokaci an ɗauke mata kwalliya, an hana masu neman aure su fito mata da magana ƙarara, an kuma bar ta a ɗakinta. A mazhabar Imamu Malik tana da haƙƙin zama a gidan idan mallakar mijin ne ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa, kuma tana iya fita da rana don biyan bukatunta. Amma abubuwan da aka ƙara a wasu wurare, kamar hana ta wanka sai ranar Juma'a, ko tilasta mata yawo da wuƙa a hannu, ko hana ta magana da mutane, ba su da tushe a Shari'a. Ƙari ne na wahala a kan wadda aka yi nufin a sauƙaƙa mata.

Labarin Nana Maryamu ma abin dubawa ne. Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa ta 26, ta nuna yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino tana cikin matsanancin ƙunci, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata a kan wannan furuci ba. Aka lallashe ta, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka umarce ta da ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta, sa'an nan aka ɗauke mata nauyin amsa tambayoyin mutane a wannan yini. Abinci, da abin sha, da shiru: da su aka fara yi wa zuciyarta magani.

Har ibada ma an yi mata iyaka

Wani zai ce ai wannan duk a kan hidimar duniya ne, mai baƙin ciki sai ya duƙufa ga ibada dare da rana. Lalle ambaton Allah shi ne babban abin da yake kwantar da zuciya, kamar yadda aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta nuna. Amma ita kanta ibadar nafila an hana mutum ya halaka kansa da ita. A ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil Allah Ya sassauta tsayuwar dare, Ya kuma ambaci dalilai, cikinsu har da cewa za a samu marasa lafiya da masu tafiya neman arziki.

Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa cikin tsummoki, ta ce masa mijinta ba ya bukatar kome na duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare. Da dare ya yi, duk lokacin da ya tashi zai yi salla sai Salmanu ya ce masa ya koma ya kwanta, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare. Sa'an nan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da nasu. Da maganar ta je wa Annabi, sai ya gaskata Salmanu.

Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, yana saurayi mai ƙarfi, ya ɗauki azumin kullum da tsayuwar dukan dare. Annabi ya gargaɗe shi cewa in ya ci gaba da haka idanunsa za su faɗa, ransa ya gaji, ya ba shi shawarar azumin kwana uku a wata. Abdullahi ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, watau a yi yau a sha gobe. Da tsufa ya kama shi sai ya riƙa cewa da ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Haka kuma Annabi ya taɓa shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce masa ta Zainabu ce, takan riƙe ta in ta gaji da tsayuwa. Ya sa aka kwance ta, ya umarci kowa ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna.

Wanda yake tsoron kada ladansa ya ragu, to, ga bushara. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Abin da malamai da likitoci suka gano

Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami mai suna Abu Zaid Albalhi, mutumin Balhu ta ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya kasa shi kashi biyu, ɗaya a kan lafiyar jiki, ɗaya a kan lafiyar rai. Ya yi bayani a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya nuna cewa jiki da rai a haɗe suke, in ɗaya ya kamu sai ya ja ɗayan. Ya kuma rarrabe baƙin ciki iri biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wannan ana magance shi da lallashi da gyaran tunani; da wanda yake saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wannan kuwa ya ce tushensa a jiki yake, yana bukatar maganin likita.

Imamu Gazali ma ya ɗanɗana wannan da kansa. An naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1091, yana karantar da ɗalibai wajen ɗari uku. A shekarar 1095 wata damuwa ta kama shi har kusan wata shida, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, cikinsa ya daina karɓar abinci. Likitoci suka ce abin daga zuciya ya taso. Sai ya ajiye muƙaminsa, ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya tafi Sham. A shekarun keɓewar nan ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai a 1106, a birnin Naisabur. Ba kowa ne zai iya barin gari kamar yadda ya yi ba, amma labarinsa ya nuna cewa jiki magayi ne, in zuciya ta gaji aka ƙi saurarenta, shi zai faɗa.

Likitocin zamani sun bayyana yadda abin yake aukuwa. Idan tsoro ko baƙin ciki ya sami mutum, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadaran adirenalin da kotisol a cikin jini. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, sukari ya yawaita a jini, narkewar abinci ta ragu. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda zai guje wa haɗari na ɗan lokaci. Amma idan ya zarce makonni da watanni ba hutu, sai barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni, mantuwa ta yawaita, mai hawan jini ko ciwon sukari kuma ciwonsa ya tsananta. A shekarar 1990 likitoci a ƙasar Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, inda tsokar zuciya take raunana farat ɗaya bayan mummunan labari, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Sun kuma yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar barcin da bai gaza awa bakwai ba a kowane dare. Tun kafin wannan, Suratun Naba'i ta lissafa barci a cikin ni'imomin da Allah Ya sanya domin hutawa.

Abin da za a rage da wanda ba za a rage ba

Mai fama da raunin zuciya sai ya kasa ayyukansa kashi uku. Kashi na farko shi ne wajibai, kamar salloli biyar, da ciyar da iyali, da kula da yara, da shan maganin da likita ya rubuta. Waɗannan ba a barinsu, amma ana karɓar rangwamen da ke cikinsu, kamar salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, kuma ba abin kunya ba ne a nemi taimako a kansu. Kashi na biyu shi ne nafilfili da ayyukan sa kai, kamar azumin nafila, da hidimar ƙungiya, da ɗaukar nauyin sasanta rigingimun dangi. Waɗannan sai a rage su zuwa ɗan abin da za a iya riƙewa kullum ba tare da wahala ba. Kashi na uku shi ne al'adu da ganin ido, kamar halartar kowane biki da suna, da ɗinkin anko, da gudummawar da ta fi ƙarfin aljihu, da kwana ana duba wayar hannu ana bin labarai masu tayar da hankali. Waɗannan ana iya ajiye su gaba ɗaya har sai an samu sauƙi, kuma ba zunubi a kan wanda ya ce ba zai samu zuwa ba.

Yana da kyau kuma a jinkirta manyan shawarwari, kamar sayar da gida, ko barin aiki, ko ƙaura zuwa wani gari, domin hankalin da yake cikin ƙunci ba ya auna abu daidai. A kiyaye lokacin barci, a yi ƙailula in da hali, a ci abinci ko da ba a jin marmarinsa, a riƙa ɗan tattaki ko da zuwa masallaci ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Sa'an nan a samu mutum guda amintacce wanda za a buɗe wa ciki. Hadisin farkon wahayi, wanda yake a farkon littafin Buhari, ya nuna cewa Annabi ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa, ya nemi a lulluɓe shi. Nana Hadiza ta lulluɓe shi har firgicin ya wuce, sa'an nan ya ba ta labari, ta ƙarfafa masa zuciya, daga baya ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, masanin littattafan da suka gabata. Masu lallashi su lura da wannan jeri: natsuwa tukuna, sa'an nan saurare, sa'an nan a nemi masani.

Nauyin da ke kan jama'a

Akwai wanda zai ji duk wannan bayani ya ce ai hutu sai mai hali. Gaskiya ne, ɗan garuwa, da mai A Daidaita Sahu wanda ake jiransa da balas kowace yamma, da matar da take tuyar ƙosai don ciyar da marayu, ba su da ikon rufe sana'a ko na mako guda. To, a nan ne hukuncin yake komawa kan jama'a, domin umarnin da aka bayar a kan iyalan Ja'afaru ba su aka ba wa shi ba, maƙwabtansu aka ba wa. Wanda yake bin mai makoki bashi ya tuna da aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu yalwa, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Mai fitar da zakka ya tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Maigidan aiki ya ƙara wa yaronsa kwanaki, mai abin hawa ya yafe balas na 'yan kwanaki, dangi su karɓi yara su kwana biyu a wurinsu, masu ta'aziyya su taƙaita zama. Kuma a riƙa leƙa gidan bayan an share makoki, domin a lokacin ne kaɗaici yake fara cizo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyakar wannan rangwame

Kada wani ya fahimci wannan darasi a matsayin izinin lalaci. A cikin addu'ar da Anas ya ruwaito, Annabi ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, a cikinta kuma ya nemi tsari daga gajiyawa da kasala. Hutun da ake nufi shi ne wanda yake mayar da mutum ga aikinsa da ƙarfi. Haka nan rage hidima ba ya nufin kulle kai a ɗaki, domin Albalhi kansa ya gargaɗi mai waswasi a kan kaɗaici da zaman banza.

Akwai kuma alamomin da suke nuna cewa hutu kaɗai ba zai wadatar ba. Idan mutum ya shafe makonni ba ya barci, ba ya ci, ba ya jin daɗin kome, ko ya kasa kula da kansa da 'ya'yansa, ko ya koma shan ƙwayoyi don ya manta, to, a kai shi ga likita. Idan kuwa ya fara ambaton kashe kansa, kada a kwana, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ta sanya baƙin cikin rashi wanda ya zarce aƙalla wata shida da tsananinsa, har ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa, a cikin lalurorin da ake yi wa magani. Akwai asibitocin da suka ƙware a wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura. Zuwa waɗannan wurare ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya cin karo da addu'a, domin Annabi ya yi umarni da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik.

Allah Ya yaye wa masu baƙin ciki baƙin cikinsu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma sanya tausayi a zukatan maƙwabta da dangi. Amin.